Allon da Malama Burgi Ta Je Saya wa 'Yar Ƙanwarta

A ƙauyen Gamsried babu wanda ya girma bai sha tsawar Malama Burgi ba. Shekara arba'in da ɗaya ta yi a kan tudun bayan coci tana koya wa yara siki, katako biyu a ƙafa, sanda biyu a hannu, a gangaro kan dusar ƙanƙara ba tare da an karya wuya ba. Mai gidan burodi, direban bas, har ɗan sandan ƙauyen guda ɗaya tilo, duk ita ta goge musu majina da bayan safar hannunta suna 'yan shekara huɗu. Cikakken sunanta Notburga, amma rabon da wani ya kira ta haka tun ranar aurenta.

Abu ɗaya kowa ya san ta tsana a duniya, shi ne allo, faffaɗan katakon nan guda da matasa ke ɗaure ƙafafu biyu a kai su gangaro a karkace kamar ƙaguwa. Katakon guga take ce masa. Masu hawansa kuma 'yan zaman dirshan, don a cewarta rabin yininsu a zaune suke yin sa a tsakiyar hanya suna tare wa mutanen kirki wuri. Ita ce ta tsaya kai da fata a ƙungiyar siki har aka hana shiga tseren ƙauye da allo.

To amma shekara biyu ke nan tana ɓoye wani abu.

Gwiwarta ta hagu ce ta jawo. Bayan an yi mata aiki, likitan ya ce siki a dusa mai zurfi kam ta manta da shi, domin ƙafa ɗaya kan nutse ɗaya ta tafi, gwiwa ta murɗe. Yana rubuta magani ya ƙara da cewa, cikin raha, da allo take hawa da sauƙi, tunda ƙafafun a haɗe suke. Ta galla masa harara ta fito. Maganar kuwa ta ƙi barin kanta. Wata ranar Talata ta tuƙa mota awa biyu, ta tsallaka zuwa wani kwarin da babu wanda ya san fuskarta, ta yi hayar allo, ta shiga ajin 'yan koyo. Ta sha ƙasa har ta daina ƙirgawa. Talatar da ta biyo baya ta koma.

A gida ta ce gashin gwiwa take zuwa. Ƙauye bai yarda ba. Mace mai shekara sittin da uku ta fita da asuba duk Talata, ta dawo kumatunta jawur tana waƙa a kicin? Aka soma raɗa cewa Malama Burgi ta yi saurayi a bayan dutse. Da raɗar ta iso kunnenta sai ta auna ta da gaskiyar, ta ga raɗar ta fi sauƙin ɗauka, ta ja bakinta ta yi shiru.

Yanzu ta iya. A kan hanyar da inji ya daddaɓe, tana karkata allo kamar wadda aka haifa da shi. Abin da ya gagara shi ne sabuwar dusa mai zurfi, wadda don ita aka soma wahalar tun farko. Allon haya siriri ne, gabansa da bayansa ɗaya. Makon jiya ta bar hanya ta shiga dusar da ta kai cinya, hancin allon ya nutse, ita kuma ta bi shi da ka. Minti ashirin tana tono kanta tana zagin wanda ya ƙera shi. Ga shi rediyo ya ce daren Laraba za a zuba dusar da ba a ga irinta ba cikin shekara goma.

A duk yankin mutum ɗaya ke ƙera allon dusa mai zurfi na ƙwarai, kuma shagonsa yana tsohon gidan yankan katako, taku ɗari uku daga ƙofarta. Kilian. Yana ɗan shekara goma sha uku ya zo ajinta da allon da ya sassaƙa daga ƙyauren kabad ɗin kakarsa, ta kore shi a gaban yara, ta ƙwace allon ta jera tukwanen fure a kai. Yanzu shekararsa arba'in da shida, siririn mutum mai gemu, kuma har gobe in sun haɗu a hanya sai ya rusuna fiye da kima ya ce, "Ranki ya daɗe, Malama."

Ta zaɓi tsakar ranar Litinin, lokacin da kowa ke cin abinci. Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara, Kilian ya ɗago daga teburin aiki, ƙurar katako a gemunsa. Ya dube ta, ya leƙa waje ta taga, ya sake dubanta.

"Malama, lafiya? Ko ɓatan hanya kika yi? Coci yana can sama."

"Rufe mini baki. Allo na zo saya."

"Tukwanen furen sun ƙaru ke nan."

"Ba nawa ba ne," ta ce da sauri. "Na Marlies ne, 'yar ƙanwata da ke birni. Ta nace sai an saya mata na shiga dusa mai zurfi. Yaran yanzu ba sa jin magana."

Kilian ya goge hannu a hankali, yatsa bayan yatsa. "Marlies. Madalla. Ta iya hawa?"

"Shekara biyu tana yi. Ba laifi. Kai, ta ma iya sosai."

"To nauyinta fa? Allo ba ruwansa da tsawon mutum ko kyan fuskarsa, nauyi yake ji."

"Kamar nawa. Kilo sittin da uku."

"Sittin da uku," ya maimaita, yana kallon wani abu a bango bayan kanta. "Marlies ba ta cin dunƙulen burodi da cuku na gidan abincin Resi ke nan."

"Sittin da biyar."

"Malama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In na ba ta allon mai sittin da biyar, nutsewa za ta yi."

"Na ce maka sittin da biyar!"

"Saba'in da ɗaya," ya ce, ya nuna bangon. Ta juya ta ga jajayen lambobi suna haske. Ashe farantin ƙarfen da take tsaye a kai ma'aunin kayan da yake aikawa gidan waya ne. Ta yi tsalle ta sauka kamar ta taka garwashi.

"Rigar sanyi ce da takalma."

"Ai da su za ta hau. Lambar takalminta?"

"Arba'in da ɗaya."

"Iri ɗaya da naki ke nan. Jini ba ƙarya ba. Wace ƙafa take sawa a gaba?"

Malama Burgi ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tuna bai kamata ta sani ba. Ta ɗaga kafaɗa. Kilian ya zagayo ta bayanta kamar zai ɗauko wani abu, kawai ya ingiza ta da tafin hannu a tsakiyar baya. Ta yi taga-taga, ƙafar dama ta yi gaba ta tare, gwiwoyi suka lanƙwashe, hannuwa suka buɗe, kafaɗa ta juya a karkace. Tsayuwar mai allo sak, ba ta mai siki ba.



"Dama," in ji Kilian, ya rubuta a takarda. "Irin wannan a dangi yake bi."

"Ka sake taɓa ni sai na karya maka hannu."

Ta wuce wurin da aka jingina alluna ta ɗora hannu a kan mafi tsawo, baƙi wuluk, ya kusa kai mata goshi. Ta danna tsakiyarsa, ko gezau. Ta gyaɗa kai. A duniyar siki da ta sani, dogo mai tauri shi ne na ƙwararru, gajere na 'yan koyo.

"Wannan."

"Wannan na ƙaton da ya kai kilo casa'in ne, mai gangarowa daga ƙololuwa a miƙe kamar an harba shi. Marlies cikin itatuwa za ta shiga, inda ake juyawa duk bayan taku biyar. Kafin wannan ya yarda ya juya, ta rungumi bishiya." Ya jawo wani daga baya. "Ga nata."

Gajere ne, da ƙyar ya kai mata haɓa. Hancinsa faffaɗa, ya ɗaga sama kamar gaban kwalekwale, bayansa ya tsuke ya rabu biyu kamar wutsiyar kifi. Launinsa kuwa rawaya mai kashe ido, an zana kan bunsuru a kai ya zaro harshe.

"Wasa kake yi."

"Ko kaɗan. Duba nan." Muryarsa ta canja, ta koma ta mai sana'a. Ya nuna mata inda ake ɗaure ƙafafu, an ja shi baya sosai. Nauyin mutum zai danne wutsiya, tsagar da ke wutsiyar ta bar dusa ta wuce, baya ya nutse, hanci ya tashi da kansa. Faɗin ne ke ɗaga mutum, ba tsawo ba. Ya lanƙwasa hancin da hannu ya saki. Laushi a gaba don ya hau kan dusa, ɗan tauri a ƙarƙashin ƙafa don kada ya yi rawa. "Kuma ba sai ta kwanta a kan ƙafar baya yini guda ba. In da a ce, misali, ƙafar bayan tana da gwiwar da aka yi wa aiki."

"Gwiwar Marlies lafiyarta ƙalau."

"Allah Ya ƙara mata lafiya."

"Babu wani launi?"

"Shi kaɗai ya rage," ya ce, yana tsaye a gaban wasu guda uku masu ruwan toka. "Amma ni ba na sayar da allo sai mai shi ya gwada a kan dusa. Ki ce wa Marlies ranar Alhamis, bakwai da rabi, a gindin motar igiya mai kai mutane saman dutse. Zan zo da duka biyun, ta zaɓa da ƙafarta."

"Kunya gare ta. Ba ta magana da baƙi."

"Ta rufe fuska. Ni zan yi maganar."

Ranar Alhamis gari ya waye dusa ta binne motoci har rufi. Malama Burgi ta lallaɓo kicin cikin sanɗa, sai ta tarar da Egon, mijinta, ya riga ta tashi. Mutum ne da ba ya haɗa kalma goma a yini. Ya rataye tsohuwar rigar sanyinsa a kan kujera, wadda ba wanda zai gane ta a ciki, ga shayi a gora, ga burodi da nama a naɗe.

"Yau ba Talata ba ce," ya ce, idonsa a kan jarida.

"Gwiwar ce ta tashi."

"Uhm. Ki gaida saurayin. Ki ce ya daina zaunar da ke a ƙasa. Shekara biyu ina shanya wandon da bayansa kaɗai ke jiƙewa."

Ta tsaya da gora a hannu. Ya juya shafi. Ta saka rigar ta fita.

Ta isa gindin motar igiya a rufe ruf, hular kwano, baƙin tabarau, ƙyalle har kan hanci. Kilian yana jira da alluna uku. Kafin komai sai da ya gwada na'urar da ke ƙirjinta, wadda ake nemo mutum da ita in dusa ta zaftaro ta binne shi, ya duba shebur a jakarta, ya ce yau ba mai kusantar gangare mai tsauri, cikin itatuwa kaɗai za su bi. Wannan kam ba da wasa ya faɗa ba, ita ma ta gyaɗa kai.

Ƙofar motar na shirin rufewa wani ya cusa kai ya shigo yana haki. Gebhard ne, shugaban ƙungiyar siki, mai tumbi da gashin baki, abokin yaƙinta a kan hana allo. Ya jingina sikinsa, ya dubi allunan kamar ya ga kashin kare.

"Wannan kuma wace ce?"

"Marlies, 'yar ƙanwar Malama Burgi," in ji Kilian. "Maƙogwaronta ya kama, ba ta iya magana."

"Allah sarki! Jinin Burgi a kan katakon guga. In ta ji sai ta haɗiyi zuciya."

"Ai ba mu gaya mata ba. Ka san halinta."

"Na san shi kuwa! 'Yan mata, kada ki ji haushi, amma yayar mahaifiyarki da za a sa ta a kwalba da an samu maganin ɓera."

"Haba, Gebhard, tana da kirki," in ji Kilian. "Sau ɗaya na taɓa ganin ta yi murmushi, ranar da na karya ƙafa."

"Ta tsufa dai. Gwiwa ta tafi. Tsakanina da kai, ko lokacin da take ganiyarta ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Baki ne ya fi yawa. Ni nan na sha wuce ta."

A cikin ƙyalle Malama Burgi ta ciji leɓe har ta ji gishiri. Gebhard! Wanda ya yi fitsari a wando ranar da aka fara ɗora shi kan babban gangare! Minti goma sha biyu motar ke yi kafin ta kai sama, kuma ba su bar ko ɗaya ya tafi a banza ba. Kilian yana zuga, Gebhard yana zubawa, lokaci lokaci Kilian ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, Marlies?" Ita kuwa dole ta gyaɗa kai.

A sama Gebhard ya yi gaba abinsa. Kilian ya bar allon bunsuru wurin mai gadin tasha, ya miƙa mata dogon baƙin da ta zaɓa. Suka shiga dusa. Juyi biyu na farko ba laifi. A na uku bishiya ta taso, ta ce allo ya juya, allo ya ce bai ji ba. Ta jefar da kanta gefe ta nutse har wuya.

Kilian ya tsaya a samanta, ya riƙe ƙugu, ya siranta murya. "Gwiwa, gwiwa! Allah Ya ba ku gwiwa don ado ne? Tashi! Dusa ba gadon uwarki ba ne!"

Kalmominta ne, ɗaya bayan ɗaya, har da yadda take jan ƙarshensu. Ta dunƙula dusa ta jefe shi a gemu. Kafin su kai ƙasa ta faɗi sau biyar, cinyarta ta baya tana ci kamar wuta.

Hawa na biyu ta karɓi bunsuru ba gardama. Ta ɗaure ƙafa, ta ja numfashi, ta saki kanta, tana jiran hanci ya nutse kamar kullum. Bai nutse ba. Ya tashi, ita ma ta tashi tare da shi. Babu ƙara, babu karkarwa, sai wani laushi a ƙarƙashinta kamar ana ɗauke da ita a tafin hannu. Ta ɗan danna dunduniya, allo ya juya tun kafin ta gama tunani, dusa ta tashi ta rufe mata fuska ta wuce. Ta danna yatsu, ya juyo. Ta bi tsakanin bishiyoyi biyu da ko da siki sai ta yi shawara. Gwiwar kuwa shiru, kamar ta aro ta wata. Rabonta da jin haka tun tana budurwa, lokacin da babu motar igiya, suna hawa da ƙafa awa uku don gangarowar minti goma. Ta ji hawaye yana taruwa a cikin tabarau, ta ce iska ce.

A wani ɗan kwari ƙasa da itatuwan suka tarar da Gebhard. Ya nutse har ƙirji, siki ɗaya ya ɓace, yana ta sokar dusa da sanda yana nema. Tana iya wucewa ta nesa. Maimakon haka ta nufo shi, ta karkata allo a gabansa da ƙarfi, ta watsa masa dusa tun daga hula har gashin baki.

"Marasa tarbiyya!" ya yi ihu yana tofarwa. "'Yan zaman dirshan! Ke, don kin ga na ɗan zame? Ni da nake koya wa mutane..."

"Koya wa wa? Shekara arba'in ina ce maka ka daina kwantawa baya kamar mai zaman masai! Nauyi a tsakiya, Gebhard, a tsakiya! Kunnen ƙashi!"

Maganar ta fita kafin ta kama ta. Ta ratsa kwarin, ta bugi dutse ta dawo. Babu mahaluki a Gamsried da zai kasa gane wannan murya ko cikin barci.

Gebhard ya saki sanda. "Burgi?"

Kilian, wanda ya tsaya a bayanta, ya zube cikin dusa yana riƙe ciki. "Maƙogwaron ya warke! Gebhard, ka shaida, a gabanka aka yi!"

Ta janye ƙyallen a hankali. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ta iso ƙarshensa. Ta dubi Gebhard da bakinsa a buɗe, ta dubi Kilian da ke birgima, ta ji kunyar da ta shekara biyu tana tsoro ta zo ta wuce, ba ta ma kai zafin faɗuwa ɗaya ba.

"Sikinka yana sama da kai, taku huɗu, inda ka fara tangaɗi," ta ce wa Gebhard. "Kullum ƙasa kuke nema. Kuma yaushe ka taɓa wuce ni?"

"Burgi, raha ce..."

"Tona."

Ya juya ya soma tono. Ita kuma ta koma kan Kilian, ta tsaya tana kallon allon da ke ƙafarsa. Bai yi kama da na shago ba. Ba fenti, ba zane, katako ne tsura mai ruwan zuma, ya ɗan fi bunsuru tsawo, tsagar wutsiyarsa ba ta kai zurfin ta bunsurun ba.

"Wannan fa?"

"Wannan nawa ne, Malama. Hunturu uku ina gyara shi. Wani daga birnin Zurich ya yi ta roƙo, na ce ko da gidansa zai haɗa ba na sayarwa ba ne."

"Bunsurunka yana da daɗi cikin itatuwa, amma da na fito fili na sake shi, wutsiyar ta soma yawo. Ya yi mini gajere da kamar yatsa uku."

Kilian ya daina dariya. Ya sosa gemu. "Kin ji wannan?"

"Shekara sittin ina kan dusa, yaro. Nauyinka nawa?"

"Saba'in da biyu."

"Ƙafar dama kake sawa a gaba, na gani. Kwance shi ka ba ni, in ji bambancin. Kai ka ce ba a zaɓe sai an gwada."

Da bakinsa ya faɗa, ba yadda zai yi. Ya kwance, ya durƙusa ya matse maɗaurin daidai takalminta, yana ta kashedi: ta yi hankali da duwatsu a bakin rafi, kada ta bi ta kan kututture, juyi goma kawai ta tsaya. Ta ce to. Ta yi juyi goma yana ƙirgawa. Ta yi na sha ɗaya. A na ashirin ta zama ɗan ɗigo a ƙasan gangare, ƙurar dusa na bin ta.

"Malama! Malama Burgi!"

"Ba za ta tsaya ba," in ji Gebhard, wanda ya zaro sikinsa daidai inda aka ce masa. Har ya ciro waya yana dannawa.

Kafin azahar labari ya gama ƙauyen. Da ta shigo gidan abincin Resi da allon a hammata, teburin dattawan ƙungiya cike yake, kuma ba mai tauna. Ta jingina allon a bango kusa da murhu, ta cire safar hannu, ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Direban bas ne ya fara, wata 'yar dariya ta kuɓuce masa ta hanci.

"Alois," ta ce, "in ba da labarin ranar da harshenka ya manne a ƙarfen lilo saboda sanyi?"

Alois ya mai da kai cikin miyarsa.

"To saurayin fa?" in ji Resi daga bayan kantar sayar da abinci. Ita ba ajin Malama ta yi ba, daga wani gari aka auro ta, don haka ba ta da abin tsoro. "Mu da muke ta taya ki murna."

"Ga shi nan a jingine. Ba ya minshari, ba ya musu. Kawo mini dunƙulen burodi uku, da cuku da yawa."

Tana cikin na biyu Kilian ya shigo, dusa har cikin kunne, ya tsaya a kanta yana numfashi.

"Malama, allona."

"Zauna, ka tare mini haske."

"Na gaya miki ba na sayarwa ba ne."

"Wa ya ce saya zan yi?"

Gidan ya fashe da dariya, har da Gebhard da ya shigo a bayansa. Kilian ya dubi allon, ya dubi tsohuwar da ke yanka dunƙule cikin natsuwa, ya ga babu wanda zai taya shi. Ya ja kujera ya zauna da ƙarfi.

"Aƙalla ki gaya mini yadda kika ji shi."

Ta ajiye cokali. 

"Hannunka yana da kyau, Kilian," ta ce. "Ban taɓa hawan abu irinsa ba."

Tun yana ɗan shekara huɗu yake jiran kalmar yabo ɗaya daga bakin nan. Kunnuwansa suka yi ja. Resi ta ajiye masa kwanon miya a gaba ba tare da ya tambaya ba.

"Sai dai gefen dunduniya yana ɗan kamawa kusa da hanci," Malama Burgi ta ci gaba, ta ɗauki cokalinta. "Ka zo da abin gogewarka gida da yamma ka gyara mini. Ka sha miyar da sauri, akwai gefen arewa da ba a taɓa ba, kuma ba zan shiga ni kaɗai ba."